Kanada Ko Gefen Baba

HAZIM: Alo? Salamu alaikum. Lamis, kina ji na?

LAMIS: Wa alaikumus salam. Yaya Hazim? Kai ne da rana tsaka haka?

HAZIM: An tashe mu da wuri, guguwar ƙura ta hana aiki a wurin ginin. Ya kike? Ya gida?

LAMIS: Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya Dammam? Ya Suha da jikin nata?

HAZIM: Da sauƙi, aman ya ragu. Tana gaishe ki.

LAMIS: Ina amsawa. Laith fa? Haƙorin ya fita?

HAZIM: Me ya fita?

LAMIS: Haƙorin Laith. Muryarka kamar daga cikin rijiya, matsa kusa da taga.

HAZIM: A mota nake. Ya fita tun makon jiya, yanzu kowa ya gani sai ya wangale masa baki. Ya Baba?

LAMIS: Yana barci. Ya ci abincin rana sosai yau. Goggo Wisal ta kawo ganyen inabi, na naɗe masa da shinkafa.

HAZIM: Kin tuna min da gida. Nan na gwangwani muke ci, kamar takarda. Ya aikin naki? Ya yaran da kike gyara wa magana?

LAMIS: Suna nan. Akwai wani ɗan shekara biyar da muka yi wata uku muna kokawa da harafi ɗaya, jiya ya faɗe shi. Uwarsa har da hawaye.

HAZIM: Madalla. Ai kin ga aikin lada. Can gida Irbid fa, sanyi ya tafi?

LAMIS: Ina fa. Da rana gari kore shar, da yamma sai an kunna hita. Ni duk na gaji da shi.

HAZIM: Sanyin Irbid ma kina kuka da shi, ina ga na Kanada.

LAMIS: Na ina?

HAZIM: A'a, cewa na yi... ai an ce can sanyi ya fi.

LAMIS: Wa ya yi maka maganar Kanada?

HAZIM: Alo? Layin nan...

LAMIS: Layin lafiyarsa ƙalau, Yaya. Goggo ce ko?

HAZIM: To in ita ce laifi ta yi? Ƙanwata ta samu gurbin digiri na biyu a wata ƙasa, sai a bakin Goggo zan ji.

LAMIS: Na so in gama shirya komai kafin in gaya maka.

HAZIM: Wato in ji labari kina filin jirgi.

LAMIS: Ban ma ba su amsa ba. Sai ranar Lahadi wa'adin zai cika.

HAZIM: To alhamdulillahi, da sauran lokaci. Ina taya ki murna, wallahi, ba ƙaramin abu ba ne a ɗauke ki. Amma ba na ji an ce jami'ar da kika nema a Amman ma ta ɗauke ki ba?

LAMIS: Ta ɗauke ni.

HAZIM: To me ya rage? Ki hau mota da safe, ki dawo ki kwana a gida. Duk ba gyaran magana ba ne? Takardar da za su ba ki ai iri ɗaya ce.

LAMIS: Ba iri ɗaya ba ce. Na je can da ƙafata, na zauna da shugaban sashen. Karatunsu kusan duka a kan yara ne, masu jinkirin magana da masu in'ina, abin da nake yi shekara huɗu ke nan. Na tambaye shi ɓangaren murya, ya ce kwas ɗaya ne a zango na uku, kuma malamin da ke koyar da shi ya tafi hutun shekara. Na ce masu ciwon murya nawa ɗalibi yake gani kafin ya gama? Sai ya yi dariya ya miƙo min shayi.

HAZIM: Na Kanadan kuma aljanna ce.

LAMIS: Asibiti gare su a cikin makarantar. Kullum kana tare da likitocin maƙogwaro, a zura kyamara ka ga jijiyoyin murya suna motsi da idonka. Malaman makaranta da muryarsu ta dishe, mawaƙa, waɗanda aka cire wa maƙoshi irin Baba, duk ta hannun ɗalibai suke bi. Farfesar da ta yi min tambayoyi shekara ashirin ba ta yin komai sai wannan. Mutum biyu kawai take ɗauka a shekara, Yaya. Ni ce ta biyun.

HAZIM: Suha ta ce 'yar kawunta ta yi irin karatun nan ta intanet, tana zaune a falonta, kuma yanzu tana aiki a Kuwait.

LAMIS: Ka gaya wa Suha na gode. In na koyi taɓa wuyan mutum ta fuskar kwamfuta zan sanar da ita.

HAZIM: Ba sai kin yi mata gatse ba, taimako take so ta yi.

LAMIS: Ashe har an zauna a kaina a gidanku.

HAZIM: Ba zama aka yi ba, hira ce. Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai murya? Yara suna nan cike da gari, iyaye suna layi. Murya kuma wa zai zo miki? Mutum in muryarsa ta dishe zuma yake sha da lemon tsami.

LAMIS: Wata malama ta zo min daga Ramtha a watan jiya. Kafin a tashi tara muryarta ta ɗauke, sai rubutu a allo. Shugabar makarantarsu ta fara yi mata maganar ajiye aiki. Ta sha zumar har ta gaji. Ka san abin da na iya ce mata? Ki sha ruwa da yawa, ki rage magana. Malamar aji, na ce ta rage magana. Ta kalle ni, ta yi godiya, ta ɗauki jakarta. Kwana na yi ina jin kunyar kaina.

HAZIM: To Allah ya ba ta lafiya. Amma ba don malamar Ramtha za ki tafi ba, mu faɗa wa juna gaskiya.

LAMIS: Ban ce don ita kaɗai ba. Akwai wani ɗan bututu da ake sa wa irin su Baba a wuya, in an koya musu...

HAZIM: Wa kike ce wa butulu?

LAMIS: Bututu na ce. Bu-tu-tu. Amma tunda kunnenka can ya tafi, ban san me ke ranka ba.

HAZIM: Layin ne. Ci gaba.

LAMIS: Da shi mutum yana iya magana da iskar ƙirjinsa, ba da wannan na'urar da Baba yake dannawa a wuya tana ƙara kamar injin aski ba. Sai dai yana son wanda ya iya, ya zauna da mara lafiya wata da watanni. Matar da ta iya a asibitin da aka yi masa aiki ta koma Dubai tun kafin a cire masa zare. Sun miƙo mana na'ura a kwali suka ce Allah ya ƙara sauƙi.

HAZIM: Sai ki tafi shekara biyu ki bar shi, don ki dawo ki koya masa magana. Shekarunsa sittin da tara, Lamis. Kin tabbata za ki dawo ki same shi?

LAMIS: Wannan maganar da kai ka yi ta, ni na riga ka yin ta a raina sau ba adadi.

HAZIM: To wa zai zauna da shi? Ki ba ni amsa ɗaya.

LAMIS: Goggo Wisal ta yarda za ta dawo gidan da zama. Ummu Samir maƙwabciyarmu tsohuwar nas ce, ta ce za ta riƙa shigowa safe da yamma tana wanke masa ƙofar numfashin da aka huda masa a wuya. Na fara nuna mata yadda nake yi. In an yi hutu zan zo. Kai kuma na so in roƙe ka abu ɗaya.

HAZIM: Ina ji.

LAMIS: Lokacin sanyi ka ɗauke shi ya yi wata uku a wurinku. Sanyi ne yake wahalar da ƙirjinsa.

HAZIM: A nan? Ɗaki biyu ne fa gidan. Ga Suha da ciki. Ga na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ke da bakinki kika ce busasshiyar iska tana cutar da shi. Kuma Laith... yaro ne, wancan zuwan da muka yi kin ga yadda ya ɓuya a bayan uwarsa da Baba ya danna abin nan.

LAMIS: Laith ne ke tsoro ko uwar Laith?

HAZIM: Kar ki sa Suha a ciki.

LAMIS: Kai ka fara sa ta. Ta kwana shida a gidan nan ba ta ci abinci a tire ɗaya da shi ba. Kana tsammanin bai lura ba? Maƙoshi aka cire masa, ba ido ba.

HAZIM: Tana da saurin tashin zuciya, kin sani.

LAMIS: Na sani. Ni tawa zuciyar da dutse aka yi ta, shi ya sa nake goge majina daga wuyansa kafin in karya.

HAZIM: Kina magana kamar ni hutu nake yi a nan. Ina da shekara ashirin da uku na bar gida. Ni ma na samu gurbin ƙaro karatu a lokacin, kin manta? Mama, Allah ya jiƙanta, tana kwance, ke kina sakandare, na naɗe takardar na hau jirgi. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a rana ina kallon siminti. Wa ya tambaye ni abin da nake so?

LAMIS: Ban manta ba. Ban taɓa cewa ba ka yi komai ba.

HAZIM: To ai shi ke nan. Kowa da lokacin da yake haƙura. Ni na yi nawa.

LAMIS: Naka haƙurin ya ba ka mata da ɗa da mota. Nawa me zai ba ni? Shekarata ashirin da bakwai, Yaya. Ko biki aka gayyace ni sai na duba agogo. In ya je kantin magani ni ce bakinsa. In aka yi rasuwa a dangi, ni nake tsayawa a ƙofar zauren maza kamar mai roƙo, don in wani ya yi masa magana a leƙo a kira ni. Na'urar ba ya fita da ita tun ranar da yaran layi suka bi shi suna kwaikwayo. Mutumin da in yana koyar da nahawu ana jin sa daga bakin titi.

HAZIM: To kin gani? Da bakinki kin faɗa. Ke kaɗai kike gane shi. Goggo kunnenta ɗaya ya mutu, ta ina za ta karanta leɓensa?

LAMIS: Za ta koya. Ni ma ba da shi aka haife ni ba. Kai ma da ka so da ka koya.

HAZIM: Ina kiransa duk Juma'a.

LAMIS: Kana kira. Yana danna na'ura yana ta ƙoƙari, kai kana "e, e, haka ne Baba, madalla." Ka tuna Juma'ar da ta wuce waccan?

HAZIM: Me ya faru?

LAMIS: Ya ce maka Abu Nidal ya rasu. Abokinsa tun suna makarantar horon malamai. Sau biyu ya maimaita. Ka ce masa, "Madalla, ka gaishe shi."

HAZIM: Abu Nidal ya rasu?

LAMIS: Ya rasu.

HAZIM: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Me ya sa ba ki karɓi wayar kin gaya min ba?

LAMIS: Ya hana ni. Ya ɗaga min hannu, ya bari ka gama ba shi labarin cunkoson motoci, ya kashe. Sai ya ce in dafa masa shayi.

HAZIM: Wallahi ba na ji, Lamis. Ta waya ƙara kawai nake ji, zzz zzz. In na ce ya maimaita sai in ji kamar wulaƙanta shi nake yi. Ni muryarsa ta da ce a kunnena. Ban ma samu na yi sallama da ita ba, kamfani suka hana ni hutu.

LAMIS: Ni na sa hannu a takardar aikin. Ni na bi gadon har ƙofar ɗakin tiyata. Ina ta jira ya faɗi wata magana babba, tunda ya san ta ƙarshe ce. Ka san me ya ce? "Kin kulle ƙofar gida?" Shi ke nan.

HAZIM: Alo? Kina ji na?

LAMIS: Ina nan.

HAZIM: Ba faɗa na kira mu yi ba. Cewa nake ki yi na Amman yanzu. Kanada ba guduwa za ta yi ba. Nan gaba, in Allah ya... in abubuwa sun canja, sai ki sake nema.

LAMIS: Ƙarasa mana. In Allah ya ɗauki ransa. In zauna ina jiran mutuwar ubana don in je in koyi yadda zan taimake shi.

HAZIM: Ban faɗi haka ba.

LAMIS: Na tambaye su ko za su ajiye min gurbin zuwa baɗi. Sun ce ba sa yi. Farfesar kuma saura ƙiris ta yi ritaya. Kuma duk wannan jayayyar da kake yi, mai abin ya riga ya yanke. Baba da kansa ya ce in tafi. Ranar da saƙon ya zo, sai da ya sa na karanta masa sau uku. Ya tashi ya sa kwat, ya tafi da ƙafarsa ya sayo kayan zaƙin nan kunafa, shi da ba ya son fita. Ya kama kunnena ya ce in na ƙi tafiya bai yafe ba.

HAZIM: Haka ya ce miki.

LAMIS: Me kake nufi da haka ya ce min?

HAZIM: Ba komai.

LAMIS: Abu Laith, ka fara magana, ka ƙarasa ta.

HAZIM: Goggo ta sa na yi rantsuwa.

LAMIS: To ka riƙe rantsuwarka, mu yi sallama.

HAZIM: Tsaya. Ranar Talata, kina wurin aiki, ta shigo da ganyen nan da kike faɗa. Ta yi sallama ba motsi. Ta same shi a ɗakinki, zaune a bakin gado, ga akwatin da kika sauko da shi daga kan kabad. Kuka yake yi. Ta ce ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba, kafaɗu suna girgiza, baki a buɗe, ba sauti ko kaɗan. Ta tambaye shi ko ciwo ne. Ya daɗe yana faɗa ba ta gane ba, sai da ya ɗauko na'urar. Ya ce, "In ta tafi, na koma bango." Ya ce in ta gaya miki ba shi ba ita.

LAMIS: Talata.

HAZIM: E.

LAMIS: Talata da na dawo na same shi yana goge min akwatin da tsumma. Yana min dariya, wai zip ɗin ya yi tsatsa, a kai wa mai gyara.

HAZIM: Ban so in gaya miki ba, wallahi. Amma gara ki yanke shawara kina sane da komai.

LAMIS: Ba ka so ba.

HAZIM: Ban so ba.

LAMIS: Tun daga sanyin Kanada kake tuƙo motar nan zuwa nan. Ka gwada Amman, ka gwada intanet, ka gwada shekarunsa, da ba su ci ba ka ciro wannan. Goggo ta gaya maka don ka ji tausayinsa ka zo, ko ka ce a kawo maka shi. Kai kuma ka ga abin da za ka ɗaure ni da shi.

HAZIM: Wannan zalunci ne, Lamis. Gaskiya na faɗa miki.

LAMIS: Gaskiya ce. Shi ya sa ta yi aiki. Shi ya danne abin a ransa don in samu in tafi. Abu ɗaya da ya rage yana iya ba ni ke nan, ka karɓe a minti ɗaya, daga cikin mota.

HAZIM: To me kike so in yi? In ajiye aiki in dawo mu zauna mu uku muna kallon juna?

LAMIS: Da ka ce, "Ki tafi, zan san yadda zan yi." Ko da ƙarya ne. Da wataƙila ni da kaina na ce a'a.

HAZIM: Bari in yi magana da Suha a kan wata ukun nan. Ban yi alkawari ba, amma bayan ta haihu, wataƙila baɗi...

LAMIS: Lahadi ne wa'adin, Yaya. Bar Suha ta huta. Zan rubuta wa farfesar in ce a ba wani. Zan yi rajista a Amman, in ci gaba da koya wa yara haruffa. Hankalinka ya kwanta.

HAZIM: Ni ban ce dole ba. Ke kika zaɓa.

LAMIS: E, ni na zaɓa, haka za ka gaya wa dangi. Saura abu ɗaya, kuma wannan dole ne. Ba zai taɓa sanin dalili ba. In ya gane don kukansa na fasa, abin zai fi aikin tiyatar yi masa ciwo. Zan bari a kwana biyu, sai in ce masa an hana ni biza. Zan yi kuka a gabansa, ba zai yi min wuya ba. Shi zai rarrashe ni.

HAZIM: Ƙarya za ki yi wa Baba?

LAMIS: Za mu yi masa. In ya kawo maganar, ka zagi ofishin bizar, ka ce ba su da adalci. Ka kira Goggo ka gaya mata ita ma, tunda kun saba.

HAZIM: Haba Lamis, ki tsaya mu yi magana kamar 'yan uwa. Ban kira don in...

LAMIS: Na ji motsinsa, ya tashi. Bari in wanke fuska kafin ya fito.

HAZIM: Minti ɗaya kawai. Lamis? Alo?